Kwanon da ke Ƙarƙashin Buhun Amarya

A layin 'yan awo na kasuwar Ajingi, in ka tambayi wa ya fi kowa rowa, ba a tsayawa shawara. Da haɓa za a nuna maka wata gajeriyar mata mai kallabin atamfa, zaune tsakanin buhun gero da na dawa, ta haɗe rai kamar an aiko mata da mugun labari. Ita ce Amarya. Sunanta na gaskiya Rifkatu, amma tun da aka kawo ta gidan Ɗanladi shekara talatin da ɗaya da suka wuce sunan amarcin ya manne mata, har jikokinta biyar ma da shi suke kiranta.

Rowarta ta abu ɗaya ce: ba ta gyara. Kowane mai awo in ya cika maka kwano yakan ɗan ɗebo da hannu ya ƙara. Amarya kuwa sai ta cika, ta juye, ta karkaɗe hannu.

"Haba Amarya, ko ɗan gyara babu?"

"Gyara? Ga Kamalu nan kusa da ni, je ki wajensa. Shi ne gonar ubansa ke bayan kasuwa."

Duk da haka gabanta ba ya rabuwa da mata. Kuma in ka lura da kyau, mafi yawansu irin matan nan ne da sai sun juya baya kafin su kwance bakin zani.

Gidan Marke ne ƙauyensu, gidaje goma sha uku a gefen hanyar Toranke, da ɗan coci na jar ƙasa wanda rufinsa ke yoyo ta wajen da mata ke zama. Kiristoci ne tun kakanni, Hausawa ne kuma tun kafin kakannin. Maƙwabtansu duk Musulmi ne, gona na jikin gona, ana kai wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Duk ranar kasuwa Ɗanladi kan ɗora mata buhuna a a-kori-kura, ita kuma ta haye saman buhunan ta zauna, ta yi addu'arta cikin sunan Yesu kafin mota ta tashi. A layin 'yan awo kaf ita kaɗai ce Kirista, kuma ta san da haka ko da yaushe, kamar yadda mutum kan san da ƙaya a tafin ƙafa ko ba ta yi masa zafi ba.

Abin da ba a sani ba shi ne kwanon awonta biyu ne. Ɗaya a saman gero, mai shaidar fentin ƙungiyar 'yan awo. Ɗayan a ƙarƙashin buhu.

Na ƙarƙashin buhun bai zo da niyyar alheri ba, da hatsari ya zo. Shekara goma sha ɗaya ke nan, amalanken shanu ya taka mata kwano ya lotsa shi. Ta kai wa wani maƙeri a Gaya, mutum mai yawan surutu, ya kifa shi a gindin turmi yana bugu yana ba da labarin yadda aka yi masa fashin akuya. Labarin ya yi tsawo, bugun ma ya yi tsawo. Kwano ya miƙe, amma cikinsa ya buɗe, ya zama yana cin cikin hannu uku fiye da ƙa'ida, ido kuwa ba ya gani.

Kasuwa biyu ta ci da shi ba ta sani ba. Buhu ya riƙa ƙarewa da wuri. Ta zargi ɓeraye, ta zargi mai mota, ta zargi Ɗanladi da cewa yana ɗibar wa kajinsa, har suka yi kwana biyu ba sa gaisawa sai da ka.

A kasuwa ta uku sai ga Hansai, wata Bafulatanar Gafasa da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu ba saniya ko ɗaya, tana saƙa faifai tana sayarwa. Ta tsuguna ta ce, "Amarya, geron nan naki akwai auki. Da can kwana biyar yake mana, wannan karon sai jiya na wanke tukunya. Allah Ya sa miki albarka."

Amarya ta koma gida ta ari kwanon maƙwabciyarta ta gwada. Abin da ta fara ji ba tausayi ba ne. Haushin maƙerin ne, har ta fara tsara kalaman da za ta gaya masa. Ta sayi sabon kwano, ta ce tsohon za a riƙa zuba wa kaji ruwa a ciki.

Ran Lahadi, zumuntar mata na waƙa ana buga tulu, bakinta na waƙar amma hankalinta na wajen tukunyar Hansai. Cikin hannu uku. Ba wani abu ba ne, abin da kaza za ta tsattsaga kafin hantsi. Amma ya zama kwana ɗaya cur a gidan yara huɗu. Sai ta tuna wata shekarar fari, tana 'yar shekara tara, da wasu baƙi suka kawo tallafin hatsi cocinsu. Aka riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Aka kira mahaifinta, ya taka gaban jama'a, aka ce ya riƙe buhun ya dubi mai hoto. Sun ci hatsin, ya kuma cece su. Amma wata uku mahaifin nata yana zama a bencin ƙarshe, yana fita kafin a tashi.

Da aka tashi daga coci ta kori kaji, ta wanke kwanon da toka.

Ɗanladi ne kaɗai ta gaya wa. Ya dube ta ya ce, "Wato yanzu Allah ne Ya aiko shanu su taka miki kwano?"

"Ya aiko shanu, Ya aiko maƙeri mai surutu. Kai ma da kake tsaye nan aiko ka aka yi, ka ƙi ganewa ne."

"To ni dai abin da na gane, ke da Allah kun haɗa baki kuna cinye mini gero. Kuma ba a ba ni haƙuri a kan zancen kaji ba."

Ba ta ba shi haƙurin ba har yau. Shi kuma duk kaka yakan ware dami biyu daban ba tare da ya ce na mene ne ba.

Da sannu ta ƙware a zaɓe. Takan dubi ƙafa, ta dubi bakin zani. Wadda ta tambayi farashi sau biyu. Wadda ta zo da la'asar kasuwa na watsewa. Dattijon da ya zo cefane da kansa, yana waige-waige kada surukinsa ya gan shi. In irinsu suka tsuguna sai ta ƙara haɗe rai ta ce, "Matsa can, kin tare mini iska." Mai saye na matsawa, hannunta ya riga ya shiga ƙarƙashin buhu ya fito. Ba ta taɓa tambayar kowa inda yake ibada ba. Takan ce wa Ɗanladi, "Ni ban taɓa jin inda Yesu ya tare mai yunwa da tambaya ba."

In ka tambaye ta ko buhunta na ƙaruwa ta hanyar al'ajibi, dariya za ta yi maka. Buhu na ƙarewa da wuri, kamar yadda lissafi ya ce. Albarkar a wani wuri take ganinta: 'ya'ya shida ba ta binne ko ɗaya ba, akuyarta tagwaye take haifa, ga miji mai tsokana wanda bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

Za a so a ce tausayi ne zalla ya riƙe ta shekara goma sha ɗaya. Ba zalla ba ne. Akwai tsoro a ciki, don ta ɗaure albarkar gidanta a jikin kwanon nan, tana jin ranar da ta ajiye shi wani abu zai karye. Akwai kuma wani abu da ba ta taɓa furtawa ko a addu'a ba: daɗi. Daɗin a kira ta marowaciya alhali ta san abin da ta sani. Daɗin zama a kan buhu tana yanke hukunci da ido, wannan ta cancanta, wannan ba ta cancanta ba. Akwai wata Hajiya Juwairiyya, matar wani marigayi ɗan kasuwar gyaɗa, mai zuwa da leshi da turare. Ita kam da ƙaramin kwanon Amarya ke auna mata, har da ɗan shafe saman da gefen hannu.

Kamalu ne ya tona. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, rumfarsa na jikin tata, mai fara'a, mai gyara hannu biyu-biyu. Shekara biyu yana kallon matalauta na wuce shi suna zuwa wajen mai zaginsu. Ya sa ido kasuwa uku har ya ga hannun nan yana shiga ƙarƙashin buhu, ya kuma lura wa ake yi wa. Ransa ya ɓaci da gaske, domin mahaifiyarsa ma da ƙyar ta raine su, kuma a saninsa ɓoyayyen kwano ba ya zama sai bugagge, wanda aka turo gindinsa ciki don ya rage. Amma in an tona zuciyarsa, akwai 'yar murna a ƙarƙashin ɓacin ran, ta mutumin da ya gano dalilin da ya sa aka fi shi.

Da hantsi, kasuwa ta cika, ya zo da Baffa Badaru, shugaban 'yan awo, dogon dattijo Babarbare mai sanda, riƙe da kwanon ƙungiya wanda ake gwada na kowa da shi.

"Amarya, barka da kasuwa," in ji Baffa Badaru. "Ɗaga mini buhun nan."

Ba ta yi musu ba. Ta ciro kwanon da kanta ta ajiye a gabansa. Kafin ka ce me, mutane sun yi da'ira.

"Ga shi nan, Baffa!" in ji Kamalu. "Talakawa take auna wa da shi, waɗanda ba su da bakin magana. Na rantse na gani da idona."

Baffa Badaru ya cika kwanon ƙungiya da gero, ya juye a cikin na Amarya, yana jiran ya zube. Bai zube ba. Bai ma cika ba. Ya ɗebo da hannu ya ƙara, ya sake, ya sake, sannan ya cika. Kamalu ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "To ai wannan ya fi muni! Babban kwano na saye ne. Da shi take yi wa manoman ƙauye wayo!"

Magana ta juya nan take, kowa ya ce ai haka ne. Wannan dabarar an san ta, ita ce mai ma'ana. Wa zai ɓoye babban kwano don ya cuci kansa? Wata murya ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Mutanen Gidan Marke ke nan." Amarya ta ji kalmar ta sauka a ƙirjinta, don yanzu ba ita kaɗai ke tsaye a wurin ba, har da gidaje goma sha uku.

Baffa Badaru ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya ce, "Amarya, na san ki tun kina goyon ɗanki na fari. Dokarmu kin san ta, mai awo kwano ɗaya. In saye kike da wannan, yau za ki naɗe buhunanki, kuma kafin kasuwar Gaya ta ci labari ya riga ki can. In kuwa sayarwa kike, abin da hankalina bai ɗauka ba, to kira mini sunan mutum ɗaya da kika auna wa, in tambaye shi. Suna ɗaya kawai."

Ta ɗaga kai. Suna nan a cikin da'irar, ta ga aƙalla bakwai. Ga matar ladan. Ga dattijon mai waige-waige. Suna ɗaya, ta tsira da rumfarta da sunan ƙauyensu. Sai ta ga mahaifinta riƙe da buhu yana duban mai hoto.

"Baffa," ta ce, "kwanona ne, laifina ne. Ba ni da sunan da zan kira."

Ta sunkuya ta fara ɗaure bakin buhun dawa. Igiyar ta ƙi ƙulluwa.

"Kai Babarbare, matsa in wuce. Tsayi kamar giginya, ba inuwa."

Hansai ce, ta ƙara tsufa ta ƙara ƙanƙancewa, da tulin faifai a ka. Baffa Badaru ya ce, "Ke Bafulatana, nan ba ruga ba ce, shari'a ake."

"Shari'ar da bawana ke yi ai sai na duba ta." Aka fashe da dariya, har shi. Ta sauke faifanta ta ce, "Suna kake nema? Rubuta Hansai. Ina da tukunya mai tsaga a wuya. Kwanon kowa a kasuwar nan, har da naka, a ƙasan tsagar yake tsayawa. Na Amarya rufe ta yake. Shekara goma sha ɗaya ina gani."

Amarya ta saki igiyar. "Kin sani?"

"Ke kaɗai Allah Ya ba ido? Mu da muke auna tuwo da yawan bakuna, a ƙara mana cikin hannu uku mu kasa sani? Tun wata na biyu na gane."

Matar ladan ta rufe baki da gyale tana dariya. "Wallahi ni in ta ce na tare mata iska, har juya kai nake in ba ta lokaci. Wata rana kwanon ya maƙale, na daɗe ina kallon rumfar masu tattasai har wuyana ya gaji."

"To me ya sa ba ku taɓa cewa komai ba?" Muryar Amarya ta fito 'yar ƙarama.

"Don kada ki ji kunya," in ji Hansai. "Mun ga kina son abinki a ɓoye, kina ta wahalar haɗe rai, muka ce a bar baiwar Allah. Kin rufa mana asiri, mu tona naki?"

Wani manomi daga Toranke ya ce shi dai shekara shida yana kawo mata gero, kuma kullum da kwanonsa take sa shi ya auna. Wanda ya yi zancen mutanen Gidan Marke aka neme shi aka rasa. Amarya kuwa ta zauna daɓas a kan buhu, tana dariya hawaye na zuba, ta kasa tantance ko daɗi take ji ko an kama ta ne tsirara. Shekara goma sha ɗaya tana zaton ita ce ke lallaɓa mutane, ashe ita ake lallaɓawa.

Kamalu ya durƙusa. "Inna, don girman Allah ki yafe mini."

"Tashi, ka ɗaure mini buhun nan da ka sa na kwance. A'a, kwance shi za ka yi, ka ga ka rikita ni."

Baffa Badaru ya yi gyaran murya. "Na ji, kuma Allah Ya saka. Amma doka doka ce. In na bar miki biyu, gobe wani zai zo da nasa biyun ya ce shi ma na sadaka ne. Kwanon nan ba zai ƙara kwana a ƙarƙashin buhunki ba."

Dariyar ta tsaya. Hansai ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon, ta juye geron a buhu, ta duba gindinsa kamar mai sayen ƙwarya.

"Babarbare, dokar taku ta hana mai saye ya zo da kwanonsa?"

Ya shafa gemu. "In mai sayarwa ya yarda, ba ta hana ba. Rabin kasuwar nan da nasu suke zuwa."

"To daga yau nawa ne. A wurina zai zauna, wadda na ga ya kamata in ara mata, ta zo da shi kamar kowa. Amarya, kin yarda?"

Nan ne Amarya ta yi jim, kuma ita kaɗai ta san dalili. Ba geron take ji ba. Zaɓen ne za a karɓe mata. Ta rufe ido ta ce a ranta, Ubangiji, ashe wannan ma kana gani. Ta buɗe ta ce, "Na yarda."

Hansai ta juya wajen Kamalu tana kaɗa kwanon. "Kai mai ido, in na zo da shi rumfarka fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya a wata, Inna. Ina tara kayan lefe."

Da ta koma gida ta ba Ɗanladi labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Wato duk kasuwa ta sani, ni kaɗai aka sa na riƙe sirri kamar ƙwai a aljihu?"

Kasuwa ta zagayo. Kwanon ya zo sau huɗu kafin azahar, a hannun fuskokin da ta saba. Da la'asar sai ƙamshin turare ya riga mai shi isowa. Hajiya Juwairiyya ta tsuguna da leshinta, ta buɗe gefen gyale, ta ajiye kwano a kan gero ba tare da ta ɗago ido ba.

Amarya ta gane shi da tabon gudumar maƙerin Gaya. Ta hango Hansai can ƙarƙashin dalbejiya tana saƙa faifai, ko kallon wajen ba ta yi. Sai ta dubi Hajiyar sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Leshin nan, shi ne dai na bara, shi ne na bariya, an wanke shi har zaren ya fara bayyana. Kunnen ba ɗankunne, sai huda. Takalmin an ɗinke shi da zaren buhu, an shafa masa baƙi don kada a gani. Shekara nawa tana shafe wa matar nan saman kwano da gefen hannu?

Ta cika shi har yana zuba, ta juye mata a leda. Sannan hannunta ya koma cikin buhu da kansa, ya ɗebo, ya ƙara.

Kamalu, wanda ya yi alkawarin daina sa ido, ya miƙe tsaye. "Jama'a ku zo ku gani! Amarya ta yi gyara!"

Duk layin aka juyo ana shewa, ido a kan Amarya, ba wanda ya kula da Hajiyar da ta naɗe kwano a gyale ta shige cikin mutane. Amarya ta karkaɗe hannu, ta nemi haɗe rai, fuskar ta ƙi.

"Hannuna ne ya zame," ta ce. "Kai kuma matsa can, ka tare mini iska."